Jikanyata Mai Kiwon Sauro

Daren Laraba, 14 ga Agusta, Tambuwal

Murna ta hana ni barci. Yau zazzaɓin jikana Bello ya sauka, bayan mun sha ɗura masa maganin cizon sauro a banza. Likitan da muka samu shekaranjiya ya ƙi yin allura sai da ya auna jini. Ya ce ba sauro ba ne, wasu ƙwayoyin cuta ne daban. Na ce wa ya koya masa wannan taurin kai? Ya nuna mini wani bincike a wayarsa. Na haɗa baƙaƙen a hankali, yadda aka koya mana a ajin yamma na yaƙi da jahilci. Sunan jikanyata Hadiza ne a kan binciken, ga nawa a ƙarshe a matsayin sunan gidanmu!

Ita ce abokan hirata ke wa dariya, wai ta gama jami'a ta ƙare da kiwon sauro.

Ɗazu na kira ta, na ce, "Amarya, ashe likitoci na karatunki?"

Ta ce, "Angona, har da na ƙasashen waje. Bello ya ci abinci?"

Ya ci, har da neman ƙari. Sai da ta kashe na tuna tambayata: sauron nan da take kiwo, jinin wa yake sha?