Faifan Innarka

Zuwa ga ɗana Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lahiyarka da ta maiɗakinka da yara? Yaya aikin jirgi? Mu nan Alelu sai godiya, an fara cirar albasa.

Innarka Hajo ce jiki ya ƙi. Ka tuna zuwanka bara, da ta tambaye ka yadda kake juya abin da ba shi da linzami? Ka ɗauki faifanta ka gwada mata: ka tura sandar tuƙi gefe, fiffike ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauka, ka taka da ƙafa wutsiya ta bi, sai jirgi ya yi kwana. Ta ce, "Ashe bakace kake yi a sama, ake ce maka matuƙi."

Yanzu ba ta iya tashi. Jiya jirgi ya wuce, ta ce in leƙa ko ya karkato wajenmu. Na leƙa, Bello, miƙe ya tahi. Na ce mata bai karkato ba tukuna.

Ka nemi izini ka taho, kada ka jira Sallah.

Ku sa ta a addu'a. Ka gaida Amina da yaran.

Baffanka,
Umaru