A Mayar wa Yaranmu da Darasin Zane

Zuwa ga shugabannin da ke kula da makarantun firamare da ƙananan sakandare a Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙo, amin.

Ranku ya daɗe, sunana Hajara, malamar aji huɗu a wata firamare a nan Mafara. A Bakura aka haife ni, aure ya kai ni wajen Faru, na koyar a can shekara da shekaru, har rashin tsaro ya sa aka rufe makarantarmu, muka kwaso 'ya'ya muka dawo nan. Ba maganar albashi ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kukana a kan darasin zane da aikin hannu ne, wanda ya mutu a makarantunmu ba wanda ya ko yi mana ta'aziyya.

Na farko, ina so in tuna muku abin da muka rasa, don da yawanku kun ɗanɗana shi. Muna yara a Bakura muna da wani malami, Malam Bawa, Allah ya jiƙansa. Duk ranar Alhamis bayan hutun tara yakan fitar da mu gindin darbejiya. Babu fenti na kanti. Jar ƙasa muke jiƙawa, da gawayi, da gangamau, da bular wanki, ya zuba ɗan ƙaro don launin ya kama takarda. Burushinmu tsinken asuwaki ne da muka tauna bakinsa. Wata rana kuma a tafi bakin gulbi a ɗebo yumɓu, a gina 'yan tukwane da kasko a shanya. Ranar Alhamis ko mai zazzaɓi ba ya yarda a bar shi a gida. Cikin waɗanda muka zauna gindin bishiyar nan akwai mai fitar da zanen hula yanzu, akwai magini, akwai mai rubuta allunan shaguna a bakin kasuwar Mafara. Ni ma abin da na riƙa yi wa yarana ke nan a Faru, kuma har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu sai zuciyata ta koma can.

Na biyu, ga halin da na tarar a nan. Darasin yana nan a rubuce a bangon ofis, amma idan lokacinsa ya yi sai a ce a ƙara lissafi, ko a tura yara shara. Ɗakin da aka ce min a da na aikin hannu ne, karyayyun kujeru aka tara a ciki. Ɗana yana ƙaramar sakandare. Malamin zanensu ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Abin da suke yi kawai shi ne kwafar ma'anar launi daga allo, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Yaron ya ci jarrabawar zane, bai taɓa tsoma burushi a launi ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Bara aka kawo min wata yarinya ajina, Luba, daga wajen Damaga. Kakarta ce ta kawo ta, don mahaifinta ya rasu a tashin hankalin da ya tashe su. Yarinyar ba ta magana. Ko sunanta aka kira sai dai ta ɗaga hannu. Na yi lallashi, na yi wasa, na haƙura.

Wata safiya aka kama ta ta zane bangon bayan ajinmu da gawayi. Malamin horo ya ɗauko bulala, na roƙe shi ya dakata in gani. Gida ne ta zana, da rumbu biyu, da rijiya, da wata babbar tsamiya. A gindin tsamiyar ta shimfiɗa tabarma, ba kowa a kai. Na durƙusa kusa da ita na ce, “Luba, mi kika zana nan?”

Ta nuna zanen da yatsa ta ce, “Gidanmu na, Malama. Nan Baba ka zama.”

Ranku ya daɗe, ranar na fara jin muryarta. Aka sa ta ɗebo ruwa ta wanke bangon, ina tsaye ina kallo gidan nan yana narkewa. Tun daga nan nakan tsinto kwalayen da masu shago suka yar, in ba ta ita da wasu yara su yi zane a kai a lokacin tara. Yanzu tana karatu a bayyane, tana ma dariya. Irin Luba suna da yawa a azuzuwanmu. Sun ga abin da baki ba ya iya faɗa, kuma minti kaɗan na tara ba ya isar su.

Na huɗu, na san wasu iyaye suna ɗari-ɗari da zane saboda addini, kuma ina girmama su. Amma zayyanar allo zane ce, adon ƙwarya zane ne, haka ɗinkin hula da adon bangon ɗaki. A nan kaɗai akwai abin da zai ishi yaro koyo har ya gama makaranta.

Don haka ina roƙonku, don Allah, ku sa a bar wa darasin nan lokacinsa, kada a riƙa cinye shi. A kwashe kujerun nan a buɗe ɗakin. Inda babu malamin zane a kawo, kafin nan kuma a ba mu izini mu gayyato masu ginin tukwane da masu zanen hula na unguwa su nuna wa yara. A kuma ware bango ɗaya a kowace makaranta inda yaro zai yi zane ba tare da tsoron bulala ba. Ƙasa da gawayi ba sa buƙatar kwangila, izininku kawai muke jira.

Shekaranjiya Luba ta tambaye ni ko akwai launin da ya yi kama da ganyen tsamiya bayan ruwan farko, wai tana so ta sa wa tasu kafin ta manta yadda take. Na ce mata akwai, kuma zan tambayi manya.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama aiki lafiya, ya raya muku zuri'a. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.

Wassalam.

Taku mai biyayya,
Malama Hajara,
Talata Mafara.