Akuyar da Na Ƙirƙira Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bala.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka. Ina rubuto maka daga ɗakin da ka sani, na kan dutse, mai matakala tamanin da huɗu. Ka sha faɗa cewa duk Makka ni kaɗai na taɓa ƙirga su. Na sa wasiƙar a shafina na intanet ne saboda akwai maƙwabtan da suka taya ni ɓoye abin da zan faɗa, ya kamata su san an gama.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka, amma sai jiya muka yi maganar da Inna. A tsakanin nan na riƙa karanta mata saƙonni da sunanka, alhali ni na rubuta su. Gafarar wannan na zo nema.

Ka tuna kaset-kaset ɗin da ka tsinto a kasuwar gwanjo muna samari? Tsohon wasan barkwancin nan na Turawa, na likitocin soja da aka jibge a tantuna kusa da fagen yaƙi. Turancinsu ya fi ƙarfinmu, Larabcin da ke gudu a ƙasan allo muke bi, kai kuma ka juya wa Inna shi zuwa Hausa, ka ƙara naka gishirin. Ran farko ka ce, waɗannan ai 'yan Mina ne, jirgi mai saukar ungulu kawai suka fi mu. Kuma gaskiyarka. Tanti, gajiya, marasa lafiya suna zuwa a lokaci guda kamar ranar jifa, mu da muke tura alhazai a keken marasa lafiya mun san wannan. Da ka bayyana wa Inna cewa babu wanda zai koma gida a cikinsu sai takarda ta zo daga sama, sai ta ce ashe su ma takarda suke jira.

Mu namu jiran bai ƙare ba. A nan aka haife mu, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Kai 'yan sanda suka tsayar da kai a unguwar Aziziyya kana dawowa daga aiki, aka maida kai garin da a bakin Inna kaɗai ka san shi. Shekara shida kana aiko mata da murya duk Juma'a. Tun safe take sa in caja waya.

Da ɗan Kawu ya bugo ya ce zazzaɓi ne na kwana uku, har an kai ka, ana saura mako guda Arfa. Hawan jinin Inna ya kwantar da ita a lokacin, likitan da ke taimaka mana ya ce kada a tayar mata da hankali. Na ce sai bayan aikin Hajji. Sai Juma'a ta zo, ta miƙo hannu tana neman wayar. Na ce taka ta faɗa ruwa, ba ta ɗaukar murya, rubutu kawai take yi. Ka san idonta ya daina gani sosai. Abin ya zo min da sauƙi har ya ba ni tsoro.

Saƙon farko ya ƙunshi gaisuwa, da labarin damina, da tambayar ko tana shan magani a kan lokaci. Da na gama ta tambaye ni ko ba ka da lafiya ne.

A nan na gane ba zan iya zama kai haka kawai ba. Ni ban taɓa ba mutum dariya da gangan ba. Sai na yi abin da na iya: na sayi sabon littafi, na ja layuka, na nemo wasan nan a waya na zauna ina kallonsa kamar mai shirin jarrabawa. Duk inda aka yi dariya sai in tsayar, in koma baya, in rubuta wa ya yi magana, da wa yake yi, me ya gabata.

Abin da na fara lura da shi, ba sa yi wa mara lafiya ba'a. Masu ba da oda suke yi wa, da abincin da ake dafa musu, da kansu. Sannan mai barkwanci ba ya aiki shi kaɗai, dole a ajiye masa wani a gefe mai ɗaure fuska, mai ɗaukar komai da gaske. Na daɗe ina kallon wannan layin a littafina, Yaya. Shekara arba'in ina yi maka wannan aikin ban sani ba.

Akwai kuma dabarar ajiye ƙaramin abu a farko, a ƙyale shi kamar an manta, sai ya dawo a ƙarshe. Da ita na yi maka akuya.

Na ce akuyar maƙwabcinka ce, ta ɗauke ka a matsayin nata. Tana bin ka masallaci, tana jiran ka a ƙofa, in ka nufi kasuwa ba da saninta ba sai ta tare hanya. Na ce ka raɗa mata suna Kafil, kamar ubangidan da ke tsaya wa baƙo a nan ƙasar, tunda ba ka fita sai da izininta, kuma duk abin da ka samo ita ke fara ci. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ware wa akuyar shafi guda don kada in yi kuskure: ja ce, kunnen hagu a tsage, ta ci hularka a saƙo na biyar, saboda haka ba ka da hula a na shida. Hajiya Rabi ta ƙasanmu, wadda ta san gaskiya, takan hau matakalar nan da ciwon gwiwarta don ta ji me Kafil ta yi wannan makon.

Zan faɗa maka abin da ya fi ba ni kunya. Na ji daɗi. Ranar Alhamis ina tura keke ina gyara jimla a kaina, ina murmushi ni kaɗai, sai in tuna wanda nake aron bakinsa.

Kuma ban ga ƙofar fita ba. Ba zan iya zuwa kabarinka ba, don in na fita ba dawowa, ga Inna a kwance. Ba zan iya yi maka kuka a ɗaki ba, kunnenta ya fi idonta. A ƙasan matakala nake yi, in wanke fuska a famfon masallaci, in hau. Kowace Juma'a ƙaryar tana ƙara tsawo, ni kuma ina rubuta a littafina cewa mako mai zuwa zan faɗa. Na ƙirga, sau ashirin da uku na rubuta haka.

Akwai abin da kai ka fara lura da shi a wasan nan tun da can. Dariyar jama'a da ake sakawa a bayan magana, da zarar likitocin sun shiga tantin tiyata sai ta ɗauke. Suna ci gaba da tsokanar juna, hannu cikin jini, amma ba mai yi musu dariya. Ka ce, nan ba a taya su. Na rubuta wannan ma, sai dai ban san me zan yi da shi ba.

Jiya bayan la'asar ina karanta mata sabon saƙo. Kafil ta shiga layin masu karɓar katin asibiti, na kai wurin da na tabbata za ta yi dariya, ba ta yi ba. Na kai na biyu, shiru. Ƙarar fanka kawai. Na ji muryata tana yawo a ɗakin ba mai taya ta, sai na tsaya a tsakiyar jimla. Na ce, Inna, Yaya Bala. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta ɗaga hannu. Ta ce tun saƙo na uku ta sani. Ta ce Bala bai taɓa kai labari ƙarshe ba, dariya ke cin ƙarfinsa a tsakiya, sai mutum ya ƙarasa da kansa. Naka kuwa, in ji ta, kowanne a ɗaure yake tsaf kamar kayan alhaji mai komawa gida. Ta tsare Hajiya Rabi tun a lokacin, ita kuma ta fashe da kuka. Tun daga ranar take yi maka addu'a a kowace salla, har ta sa an yi maka ɗawafi, ina gidan ban sani ba.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ai ni ma ɗanta ne, ta ga da abin nake tsaye, ba ta so ta zare min shi. Ta ce kuma tun da ta haife ni ba ta taɓa jin na ba da labari ba.

Mun yi kukan da muka yi wata bakwai muna ɓoye wa juna. Da ta gaji ta share ido da bakin mayafi, ta gyara kwanciya, ta ce to yanzu ita Kafil wa zai riƙa ba ta dusa?

Yaya, na buɗe baki zan amsa, dariya ta ƙwace min. Na sake gwadawa, ta sake ƙwacewa. Har aka kira magariba ban kai maganar ƙarshe ba. Inna ta ce yau kam ta ji muryarka.

Babu abin da ya canja a waje. Takarda ba ta zo ba, matakala tana nan tamanin da huɗu, kuma ban san ko zan taɓa tsayawa a kan kabarinka ba. Amma na daina aron bakinka. Ka yafe min.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta daga jira. Ya ba Inna lafiya, Ya saka wa Hajiya Rabi da alheri. Ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa takarda. Amin.

Ƙaninka mai ɗaure fuska,
Ilu