Na'urar da Kawu Ya Bari a Gida

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya ba ka sa'ar aiki. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta dafa bango, sai dai shan magani har yanzu sai an yi da gaske.

Yaya, kafin komai ka yafe mini saƙon da na tura maka makonni uku da suka wuce, wanda na ce na'urar gargaɗin da ka aiko mini ta kusa kashe ni. Cikin fushi na rubuta, kuma yanzu na san ba ta da laifi. A waya kuka zai hana ni bayani, shi ya sa na ɗauki biro.

Ran Asabar ɗin da abin ya faru, jirgi mai inji da ke jan namu ya kai ni sama ya saki igiya, na samu iska mai ɗumi tana tashi a ƙarƙashin wani gajimare, na shiga zagaye. Ka san jirginmu marar inji, ba ka jin komai sai shuuu ɗin iska. Na'urar tana manne a gabana, jirage biyu take nunawa, dukansu can nesa. Kawai sai ga farin jirgi ya ɓullo ta ɓangaren rana, ya gifta ta ƙasana. Wallahi har jan fentin bakin fiffikensa na gani, fentin da ni na shafa da hannuna bara. Jirgin Kawu ne. Na'urar ko ƙit ba ta ce ba.

Da na sauka sai na koma gefe. Ina zaune a kan ciyawa Kawu ya iso, ya wanke ni tas a gaban ɗalibai. Ya ce yaran yanzu allo muke kallo mun bar sararin sama, ya ce abin da ka aiko kayan wasan yara ne, ni kuma na miƙa masa raina. Ya rubuta rahoto, kwamitin kulob ɗinmu na matuƙa ya dakatar da ni wata uku, jarrabawar zama mai koyarwa da na shekara biyu ina shiryawa ta wuce ni. Ban yi musu ba. Ai Kawu ne ya fara ɗaure mana bel a kujerar jirgi, ni da kai. Kuma akwai gaskiya a faɗansa, da na ƙara waiwayawa ɓangaren rana wataƙila da na hango shi.

Amma abin ya tsaya mini a rai, sai na kai wa bakaniken rumfar jirage na'urar. Ya gwada batir, ya gwada eriya, ya sa aka tashi da ita sau biyu, duk jirgin da ya matso sai ta yi ƙara. Ya ce tabbas irin waɗannan na aljihu suna da rauni: zafin rana yana kashe batirinsu, jikin matuƙi ma yana iya tare eriya. Amma babban rauninsu, ba sa ganin kowa sai wanda yake ɗauke da irinsu a kunne. Da na tambaye shi ko ya duba ta Kawu, sai ya yi ta goge hannu da tsumma, ya ce wa yake duba mai duba mutane?

Ran Talata na je gidan Kawu gaishe su. Kawu ya fita, matarsa tana goge kayan falo, sai na hango na'urarsa a bayan rediyo, ta yi ƙura. Na tambaya kamar da wasa. Baiwar Allah ta yi dariya, ta ce ai ta fi wata biyu a nan, Kawu ya ce 'yar tsegumi ce, duk inda ya samo iska mai kyau sai ta nuna wa yara a allonsu, su biyo shi kamar kaji.

Na jira shi har ya dawo. Bai musa ba, ko kunya ban gani a idonsa ba. Ya ce shekara talatin ya yi yana koyon karanta gajimare da bin shaho, ba zai bar wanda ya fara jiya ya kwashe a banza ba. Wai idonsa ya ishe shi. Na ce to ni ma bai gan ni ba ai. Sai ya sassauta murya, ya kira ni Tsattsewa kamar da, ya ce in rufa masa asiri. Wai in kwamiti ya ji za su hana shi tashi, a shekarunsa kuwa in ya sauka ya sauka ke nan, ni ko yarinya ce, wata uku ba komai ba ne.

Barin na'urar a gida zan iya yafewa, tsufa da kishi ne. Abin da ya ƙona mini rai, lokacin da yake nuna ni da yatsa a kan ciyawar nan, ya san sarai inda tasa take. Duk da haka ya ɗora mini laifin, ya haɗa da kai da ba ka nan. Har ya sa na zage ka.

Da na gaya wa Inna, ta yi kuka, ta ce ƙaninta ne, kada in tozarta shi a gaban bare. Na ce mata ran Lahadi ɗalibai biyu za su fara tashi su kaɗai, kowanne da 'yar na'urarsa a gaba, an koya musu su saurare ta, kuma Kawu zai kasance a sama tare da su. Na roƙe shi ya je ya faɗa da bakinsa kafin zaman kwamiti na jibi, ya ce sai dai in yi abin da zan yi. To zan yi, ni zan faɗa musu. Na san bayan jibi gidan nan ba zai koma yadda ka bar shi ba, shi ya sa nake so ka fara ji daga wurina.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce atamfar ta iso, ta yi kyau. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna tana gaishe ku, ko da yake yau kwana biyu ba ta amsa tawa gaisuwar. Ka sa ni a addu'a. Kuma don Allah in za ka ba ni amsa, kada ka rubuta Tsattsewa a kai, ka san wanda ya raɗa mini sunan.

Ƙanwarka,
Auta