Kwayil ɗin Motar Likita

Stavelot, 3 ga Oktoba, 1907

Yaya Léontine,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

Matata Zélie ta shiga watanta, na kai ta wurin mahaifiyarta can ƙauye kan tudu. Ungozoma ta ce ɗan a gicciye yake, ranar haihuwa dole sai da likita. Shi kuwa Likita Massange motarsa sai ta ga dama take tashi. Kwayil ɗinta, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, ya gaji. Likitan ya kawo sabo daga Faris, na ajiye shi kusa da wanda na naɗa da hannuna, na gwada su a kan benci, minti biyar-biyar. Nawa ya fi tsawon tartsatsi, shuɗi shar. Likita ya yi dariya ya ce, "To sarkin taurin kai, sa naka. Ai matarka za mu je wa." Na sa.

Ƙaninki,
Anselme

19 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san kin sami wayar da na buga miki. Mun binne Zélie ranar Talata. Yarinyar tana raye, wata maƙwabciya ke shayar da ita.

Da hantsi aka aiko. Na shiga motar tare da likita. A tsakiyar hawan tudu injin ya yi tari ya mutu. Na duba fulogi, babu wuta ko ɗis. Na ce masa kwayil ɗin ya ƙone, mu taka. Na ɗauki jakarsa, muka yi awa ɗaya da rabi a cikin taɓo. Ya ciro yarinyar, amma jinin ya riga ya yi yawa.

Ina ci, ina barci. Mutane na kuka a gabana, ni ina kallon takalmansu. Ban ji komai ba tukuna.

Anselme

2 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da rigunan jaririyar.

Likita ya ce in daina neman dalili, ba laifin kowa ba ne. Ban daina ba. Jiya na jera kwayil ɗin nan biyu kusa da murhu, na bar su suna aiki, agogo a hannuna. Na Faris bai ko gezau ba. Nawa, da ya ɗauki zafi kakin zuman da ke cikinsa ya yi laushi, a minti na ashirin da biyar wutar ta ɗauke. Ban taɓa gwada shi da zafi ba.

Sai na sauke shi ƙasa, na zauna. Da ya huce na sake haɗa shi, ya kawo wuta garau. Minti goma kawai ya nema, Yaya. Da mun zauna a bakin hanya, da mun isa da mota.

Ki zo ranar Lahadi ki riƙe yarinyar a coci wurin baftisma. Fada ya tambaye ni sunanta, na ce Yayata za ta faɗa.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Anselme