Kada Ka Buɗe Motarka

Yaya,

Na tafi neman mai wankin mota, ban tashe ka ba.

Ɗazu cikin Baba ya kumbura ya yi tauri, har da amai, sai na kai shi asibiti a motarka. Likita ya ce bayan gida ne ya bushe ya toshe hanji, amma ba sai an yi tiyata ba. Aka ɗura masa ruwan magani ta ƙasa, nas ta ce mu jira ya yi aiki. Baba ya leƙa banɗakinsu, ya rantse ba zai tsuguna a wannan ƙazantar ba, sai a gidansa.

Ko rabin hanya ba mu yi ba, Yaya. Duk abin da ya tara tun makon jiya yana kujerar gaba. Na yi wanka, amma har yanzu warin yana maƙogwarona.

Ka yi haƙuri. Don Allah kada ka buɗe motar.

Baba yana ɗaki yana shan shayi abinsa. Wai in gaya maka bai taɓa jin daɗin motarka kamar yau ba.

Ƙaninka