Muƙamuƙin Birin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma lacca. Baba ya zaunar da ni a falo, ya ɗauko muƙamuƙin birin nan daga kabad. Ba ma na gaske ba ne, kwafin filasta ne, ainihin ƙashin da ya haƙo yana gidan tarihi. "Wannan biri ya ɓace daga duniya tun kafin a yi mutum. Dubi turamen haƙoransa, ganye yake ci." Na haddace tsaf. Sunana ya manta, amma bai manta biri ba.

Laraba, 5 ga Maris
Mai kantin maganin can birni ya kira. Aikin nawa ne, in zan fara ran 17. Wa zan bar wa Baba? Ko shagon bakin titi na je, sai na kulle shi ta waje. Ni ma ai a kullen nake.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya leƙo, ko takalmi bai cire ba. "Auta, ke ce kika iya da shi." Na iya! Na yi kuka a banɗaki, na buɗe famfo kada a ji.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tsani birin nan, Allah Ya gani.

Talata, 11 ga Maris
Na yi wa Yaya tas a waya. Ya yarda zai ɗauki Baba ran Asabar. Amma matarsa ta ce ban da ƙashi, yara za su tsorata. To, ruwansu.

Alhamis, 13 ga Maris
Na haɗa wa Baba jaka. Ya ɗauko muƙamuƙin kamar kullum, na gyara zama. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya ce, "Baiwar Allah, mene ne wannan?"
Na karɓa, na yi masa laccar daga farko har ƙarshe, har da ɗaga yatsa irin nasa. Ya saurara baki buɗe. "Wa ya gano shi?" Na ce, "Kai ne, Baba." Ya yi ta dariya, wai ina tsokanarsa.

Juma'a, 14 ga Maris
Ya sake tambaya da safe. Na sake faɗa masa. A gidan Yaya wa zai faɗa?
Na fitar da rigunansa daga jaka, don kada su yamutse ne kawai. Mai kanti ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba, hannuna da kumfar sabulu.